Gidanta daban, gidansa daban: zaman särbo a Suwidin

Maman Yusra:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, yau na ce bari in kawo shi nan, tunda akwai 'yan'uwanmu mazauna Suwidin a wannan zaure.

Shekarata 9 a Västerås. A benen da muke haya, ƙofata na kallon ƙofar wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ta haura 70. Tun watan da na tare na lura da wani dattijo da ke zuwa wurinta duk Alhamis da yamma, da 'yar jakarsa a hannu da ledar burodi, wani lokacin har da furanni. Yana da makulli, amma sai ya danna ƙararrawa ya jira ta buɗe. Litinin da safe ya fito da jakarsa ya nufi tashar jirgin ƙasa. Ni duk a zatona mijinta ne da ke zaune a wani gari saboda aiki. Wata rana muka haɗu a ɗakin wanki na ƙasa, wanda duk 'yan bene ke kama layi, na ce mata maigida ya iso lafiya? Ta yi murmushi ta ce ba mijinta ba ne, särbo ɗinta ne. Mijinta ya rasu da daɗewa. Wannan kuwa gidansa na Eskilstuna, ƙasa da tafiyar awa ɗaya a jirgi, kuma yanzu shekararsu 14 a haka.

A yarensu sär na nufin a rabe, bo na nufin zama. Wato mutum biyu masu son juna, kowa ya san su tare suke, 'ya'yansu sun sani, maƙwabta sun sani, amma kowa da gidansa da makullinsa da tukunyarsa. Masu zama gida ɗaya ba aure kuma ana ce musu sambo, ba Sambo sunan mutum na wajenmu ba.

Na tambaye ta, to me ya hana ku haɗe wuri ɗaya, ga shi duk kun manyanta? Ta ce shekara 38 ta yi tana dafa wa namiji abinci tana wanke masa kaya, shekara 4 na ƙarshe kuma tana jinyarsa har ya cika a hannunta. Ta ce wannan na biyun tana son sa har cikin ranta, amma so take in ya zo ya zo a matsayin baƙon da ake ɗokin gani. Maganar ta tsaya mini. Me kuke gani?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ai wannan ba abin muhawara ba ne. Babu waliyyi, babu sadaki, babu shaidu. Ko gida ɗaya suke ko gida goma, sunan da suka raɗa masa bai canja hukuncinsa ba. Ni tsorona 'ya'yanmu da ke tasowa a can, su riƙa ganin irin wannan har ya zame musu ba komai ba.

Maman Yusra:
Malam, tsoron nan naka ni ma da shi nake kwana, 'ya'yana mata biyu ne a makarantarsu. Hukuncin zama ba aure a bayyane yake, ban kawo shi don a halatta ba. Kuma ka sani akwai masu takardar aure da suke zaman särbo, ba duka ne marasa aure ba. Abin da nake so mu duba shi ne, me zai sa mace tana son mutum, ba kishiya, ba talauci, ba faɗa, ta ce a'a, kada ka kwaso kayanka?

Ɗan Damagaram:
Bari in sa baki, domin a Uppsala nake karatu, kuma a jami'ar nan ne Farfesa Jan Trost ya yi aiki, wanda shi da Irene Levin ta ƙasar Norwe suka fara bin diddigin wannan zama tun shekarun 1990. Abin ba na Suwidin kaɗai ba ne. A Holand ma tun 1978 wani ɗan jarida ya raɗa masa suna. Amma a nan ya samu ƙasa mai taushi ya yi jijiya, kuma akwai dalili.

A 1971 Suwidin ta daina haɗa harajin miji da mata, kowa ya koma biyan nasa a kan abin da ya samu. Daga nan mata suka shiga aiki gadan-gadan, kowace da albashinta, daga baya da fanshonta. A 1990 aka soke fanshon da ake ba matar da mijinta ya mutu, sai dai waɗanda tsohon tsari ya riga ya shafa. Manufar hukuma ita ce kada wani baligi ya dogara da wani baligi don ci da sha. To macen da take da gidan kanta, kuɗin kanta, asibiti kusan kyauta, me zai tilasta mata tarewa? Yau a cikin gidaje 10 na ƙasar nan, kusan 4 mutum ɗaya ne kacal a ciki. Zaman kaɗaici ba abin kunya ba ne a wurinsu, ba mai nuna ka da baki.

Kuma abin da maƙwabciyar Maman Yusra ta faɗa ba nata ne ita kaɗai ba. A farkon shekarun 2000 wasu masana biyu, Sofie Ghazanfareeon Karlsson da Klas Borell, sun bincika tsofaffin da ke wannan zama, suka tarar yawanci matan ne ke dagewa a kan kowa ya riƙe gidansa. Mazan da yawa da za a bar su da sun tare. Matan kuwa gudu suke kada aikin gida da jinya su sake faɗowa a kansu.

Hajiya Babba:
Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da ke bakina. Ni a Zariya nake, ban taɓa taka Turai ba, amma wallahi da na karanta maganar matar nan sai da na ajiye wayar na yi shiru. Shekarata 63. Alhaji ya yi shekara 6 a kwance da shanyewar ɓarin jiki, ni ce juyi, ni ce wanka, ni ce bayan gida, ban taɓa ƙorafi ba kuma ina fatan lada. Bayan na fita takaba mutum biyu suka fito. Na farkon, magana ta biyu da ya yi mini ita ce yana da ciwon suga, yana neman wadda za ta kula da abincinsa. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutane na ganin bazawara tsohuwa ta ƙi aure sai a ce girman kai, ba a san gajiya ba ce.

Abu Hanif:
Allah ya jiƙan Alhaji, ya saka miki da Aljanna, Hajiya. Amma ai jinyar miji ibada ce. Idan kowa ya ce sai lokacin daɗi za a gan shi, ina amfanin zaman tare? Hausawa sun ce zo mu zauna zo mu saɓa, amma ba su ce don haka kada a zauna ba.

Baban Khalil:
Ku bar ni in kawo ɓangaren da ba a faɗa ba, wato gida da kuɗi. Motar bas nake tuƙawa a Stockholm shekara 12. Duk wanda ke nan ya san samun gidan haya da sunanka a kan takarda ba wasa ba ne. Sai ka yi rajista a layin neman gida kana biyan ɗan kuɗi duk shekara, matsakaicin jira ya kai wajen shekara 9, tsakiyar birni kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. To ka ɗauka mace ta samu nata bayan wannan jira, namiji ma ya samu nasa. Idan ta saki nata ta koma wurinsa, bayan shekara biyu abu ya lalace, ina za ta? Abokin aikina Basuwide shekararsa 5 da wata mata, ya ce da ya saki takardar gidansa gara ya ci gaba da hawan jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwarsu duk ƙarshen mako.

Sannan tsofaffi masu ƙaramin fansho, tallafin kuɗin haya da ake ba su ana lissafa shi ne da kuɗin mutum biyun idan gida ɗaya suke. Fanshon tallafi na ƙasa ma, na mai aure bai kai na marar aure ba. Don haka wani lokacin haɗewa asara ce a aljihu. Kada mu ɗauka duk falsafa ce, akwai lissafi a ciki.

Kuma tunda an zo nan, in ja kunnen 'yan'uwanmu. Akwai masu rubuta adireshi daban-daban a ofishin haraji alhali ɗaki ɗaya suke kwana, don a ci gaba da karɓar tallafin uwa mai renon 'ya'ya ita kaɗai. Wannan ba särbo ba ne, zamba ce. Doka ta ce inda kake kwana a kai a kai nan ne adireshinka, kuma tun 2018 yin ƙarya a kai laifi ne da ake gurfanar da mutum. Wanda kuma ya shigo da takardar zama ta aure, ya sani sharaɗinta shi ne zama gida ɗaya da matarsa ko mijinta.

'Yar Kumasi:
Ni tambayata yara. Duk tsofaffi kuke ta ambata. Masu ƙananan yara fa?

Ɗan Damagaram:
Anti, su ne ma rukuni na biyu mafi girma a idona. A nan idan iyaye suka rabu, da yawa raba renon suke yi, mako guda yara na wurin uwa, mako guda wurin uba. To sai uwa mai 'ya'ya biyu ta haɗu da uba mai 'ya'ya uku, makarantun yaran a unguwanni daban, tsohon mijinta na kusa da ita saboda karɓa-karɓar yara, shi ma haka. Idan suka haɗe gida, yara biyar da ba su zaɓi juna ba za su raba ɗaki da banɗaki. Sai su ce a'a. Makon da yara ke nan kowa ya zauna da nasa, makon da ba yara su haɗu. Wasu su yi haka har ƙaramin ya gama sakandare sannan su tare.

Hajiya Babba:
To wannan kam akwai tausayin yara a ciki. Mu nan wa bai san wahalar agola ba? Yaro ya bi uwarsa gidan wani, ko loma ya kai baki ana ƙirgawa.

Ummi K.:
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Aikina a Malmö shi ne bin tsofaffi gida-gida, aikin da ƙaramar hukuma ke ɗaukar nauyi: ba da magani, wanka, ɗumama abinci, canja shimfiɗa. Ba zan kawo labarin kowa ba saboda amanar aiki, amma zan faɗi abin da ido ke gani gaba ɗaya.

Wannan zama da kuke yabo, mu ne ginshiƙinsa. Matar tana iya cewa ba zan yi jinya ba ne domin ta san akwai wadda za ta zo ƙarfe 7 na safe da makulli ta tashe shi, ta dawo da rana, ta dawo da dare. Akwai 'yar na'ura kamar agogo da suke ɗaurawa a hannu, in mutum ya faɗi ya danna a zo. Harajin da suka biya tsawon rayuwa ne ke biyanmu. Kuma ku duba su wa ke wannan aiki: da yawanmu baƙi ne, daga Somaliya, Eritiriya, Siriya, Iraƙi, da mu. Jinyar ba ɓacewa ta yi ba, hannu ta canja.

Amma zan faɗi gaskiya ko da ta saɓa wa abin da na zo da shi daga gida. Tsohon da ke da särbo ya bambanta da wanda ba shi da kowa, bambancin a fuska yake. Ranar da za ta zo za ka tarar ya nemi a aske masa gemu, ya sa riga mai kyau, ya ce a sayo abin shan kofi. Wanda ba shi da kowa kuwa, a watan Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4, wani lokacin ni kaɗai ce muryar da zai ji yini guda, kuma minti 20 aka ba ni. Ina fita in share hawaye a matakala.

Abu Hanif:
Subhanallah. To ina 'ya'yansu?

Ummi K.:
Suna nan, Malam, kuma da yawa suna ƙoƙari, suna waya, suna zuwa hutu. Amma ɗa na Göteborg, 'ya na Umeå, kowa da aikinsa. Su iyayen ma ba sa so su zama nauyi. Idan ka ce wa tsohuwa ta koma gidan 'yarta sai ta ji kamar ka zage ta.

Baban Khalil:
Akwai kuma maganar gado, wadda ita ce ke sa 'ya'yan su fi son iyayensu su tsaya a särbo. Dokar masu zaman sambo ta 2003 ta ce gidan da kayan ɗakin da aka samo don zaman tare, in an rabu ko ɗaya ya mutu, ana iya neman a raba biyu. Amma ba sa gadon juna sai da wasiyya. Särbo kuwa doka ba ta ma san da shi ba. Ko shekara 30 kuka yi, ranar da ya mutu ba ki da ko cokali, sai in ya rubuta wasiyya, kuma ko ya rubuta, 'ya'yansa na da haƙƙin neman rabin kasonsu, ba mai hana su. Don haka kowa dukiyarsa na tafiya ga 'ya'yansa kai tsaye, ba rigima. Wasu don wannan ɗin ma suke zaɓarsa.

Maman Yusra:
Baban Khalil ka kawo ni inda na so in kai tun farko, na dai bari ne in ji ra'ayoyinku. A hunturun da ya wuce dattijon nan ya samu bugun jini. Alhamis ta zo bai zo ba, ta kira ba a ɗauka ba. 'Yarsa aka fara sanarwa, ita ce ta kira maƙwabciyata washegari. Ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da rigar sanyi a hannu, jikinta na rawa, ta ce in taimaka mata ta sayi tikiti a waya don idonta ba ya gani sosai. Na raka ta har tasha.

Da ya fito daga asibiti hannunsa na dama bai dawo ba, maganarsa ta yi nauyi. A nan ne ta gane inda take a wurin doka. Akwai tsarin da ya ba dangi damar biya wa marar lafiya kuɗin haya da wuta daga asusunsa in ya kasa, amma jerin ya fara ne da mata ko sambo, sai 'ya'ya, sai jikoki. Sunan särbo babu shi. Tun 2017 akwai takardar wakilci da mutum zai iya rubutawa yana da lafiya, ya ce in na kasa wane ne zai tsaya mini. Su ba su rubuta ba. Allah ya sa 'yar mutumin kirki ce, tana shawara da ita a komai. Da ba haka ba, shekara 14 sai ta zama 'yar kallo.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne wannan: yanzu ita ce ke ɗaukar jaka. Duk Alhamis ta bar mini makulli in zuba wa shukokinta ruwa, ta hau jirgi zuwa Eskilstuna, ta dawo Litinin. Tana karanta masa jarida, tana yanka masa nama ƙanana, tana tura shi a keke zuwa bakin kogi. Wanka da ɗagawa ma'aikata irin su Ummi ke yi. Na ce mata yanzu kam ai sai ki koma can gaba ɗaya. Ta ce in ta koma, cikin wata uku za ta zama mai jinya mai jin haushi, shi kuma ya zama mai jin kunya. A haka kuwa kwana uku take hutawa a gadonta ta koma masa da fuska a sake. Malam Abu Hanif, ka ce sai lokacin daɗi. Ni abin da na gani da idona ke nan.

Abu Hanif:
Na ji, kuma na janye wannan kalma a kanta. Amana ce ta riƙe. Abin da ya rage mini shi ne, da sun ɗaura aure me zai ragu a wannan tsari nasu? Ba komai. Sai ma ƙaruwa, ko a wurin dokar tasu.

Malam Na-Gusau:
Madalla da wannan tambaya, domin ita ce ta shafe mu. Rabuwar gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu na da auren ɗauki-sandanka, wasu su ce je-ka-da-kwarinka: a ɗaura aure cikakke da waliyyi da sadaki da shaidu, amma matar ta zauna a gidanta, yawanci babbar mace mai 'ya'ya ko mai sana'a, mijin ne ke zuwa. Matsuguni haƙƙin mace ne a kan miji, kuma mai haƙƙi na iya sauƙaƙawa da yardarta. Uwar Muminai Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amince. Abin da malamai ke tsoro shi ne maza su mai da wannan ƙofar gudun nauyi, ko a yi shi a ɓoye. In a bayyane yake, dangi sun sani, gado na nan, iddah na nan, to aure ne.

Bambancinmu da su kuma Ummi ta riga ta faɗe shi. Can hukuma ce ke aiko mai wanka. Nan in miji ya kwanta, ko gidanki daban, ke da 'ya'yansa za a duba. Sai a yi wannan magana tun kafin a shafa fatiha.

Hajiya Babba:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na ce mutum biyu suka fito, na ba ku labarin ɗaya. Na biyun tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa manya suna tare da shi a Tudun Wada. Shekara biyu ke nan yana aiko gaisuwa ina kaucewa, ba don ba ya kwanta mini ba, sai don ba na iya barin gidan nan da jikokina uku marayu da ke hannuna, kuma ina jin nauyin faɗa. Gobe in Allah ya kai mu zan kira Yaya, shi ne waliyyina, in gaya masa sharaɗina ya kai masa. In ya yarda to, in bai yarda ba shi ke nan.

Maman Yusra:
Allah ya zaɓa mafi alheri, Hajiya. Ki sa Yaya ya yi maganar jinya da 'ya'yansa a zaune, kowa ya ji da kunnensa.

Hajiya Babba:
Zan sa. Ke kuma in maƙwabciyarki ta dawo Litinin ki ce wata tsohuwa a Zariya na gaishe ta, tana yi wa mai jikin sannu.